Hannuwan Inna Safara'u

"Ku ƙara ɗago ta kaɗan, haske bai kama fuskarta ba," in ji Shamsiyya, tana tsaye a tsakar gida ta kare rana da wayarta.

Kulsumu ta cusa hannu a hammatar tsohuwar, Mu'azu ya kama ɗaya gefen, suka ja ta suka jingina da bangon ɗaki. Daga ƙugu zuwa sama Inna Safara'u ba ta fi ɗan akuya nauyi ba, amma ƙafafun sun kumbura sun yi suntum, sai da ɗan nata ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita a kan tabarma. Kanta ya langaɓe. Kulsumu ta tallafe shi da tafin hannu har tarin da ya taso mata ya lafa.

"Hajiya, da dai an bar ta a ɗaki," Kulsumu ta faɗa a hankali. "Tun safe ko koko ya ƙi zama a cikinta."

"Ai ba daɗewa za a yi ba, Maman Zahra'u. Tun daga Abuja fa na taso da mai hoto. Gwaggo, daure kin ji? Ɗan murmushi kawai za ki yi mana."

Shamsiyya 'yar ƙanen Inna Safara'u ce. A Kano aka haife ta, can ta yi boko, ta karanci yadda ake tsara fasalin kayayyaki, sannan ta buɗe kanti a Abuja. Ita kuwa Kulsumu ba dangin iya ba na baba, maƙwabciya ce kawai. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, katangar ma wani sashe ya zube tun wata damina ba a tayar ba, ta wannan giɓin take tsallakowa safe da yamma.

Duk unguwar an san Inna Safara'u da saƙa. Tana yarinya ƙarama ruwan Tiga ya cinye garinsu, aka kwaso su aka zube a wannan tudun da ke tsakanin Bebeji da bakin dam. Abin da ta taho da shi daga tsohon gari shi ne saƙar kaba da ta koya wurin kakarta: faifai, kwando, tabarma mai zane. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. Da tabarmar roba ta cika kasuwa, kabar ma ta yi wuyar samu, sai hannun Inna ya zauna. Kulsumu ta sha tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana murza bakin zaninta da yatsu, kamar mai tufka igiyar da babu.

Ana haka wata rana Shamsiyya ta zo da buhu a bayan mota. Aka kwance, sai ga gutsattsarin fata, irin wanda kamfanonin jima na Kano ke yankewa daga gefe-gefe su zubar. Suna da danshi, launinsu shuɗi-shuɗi mai kama da toka, warinsu kuma ba irin na fatar layya ba ne, wani ne mai hawa kai.

"Gwaggo, da kin ga yadda ake tula shi a bayan kamfani ana banka masa wuta, da kin yi kuka," in ji Shamsiyya a ranar. "Yana kashe ƙasa, yana ɓata ruwa. Mu kuwa za mu mai da shi abin ado. Ni da zane, ke da hannu."

Ta nuna mata zane-zane a waya: jakunkuna, kwandon zuba kaya, rigar fitila. Ta bar mata wata jarka ta ce a riƙa tsiyaya ruwan ciki a baho, a jiƙa fatar ta yi laushi kafin a yanka. Inna ta wasa askarta, ta riƙa fere fatar siri-siri kamar taliya, ta fara saƙa.

Gaskiya ɗaya ce, kayan sun yi kyau. Ko maƙiyi ya gani sai ya sake kallo. Inna ba ta tsaya kan zanen wayar ba, ta riƙa cusa nata: ƙayar kifi, idon zakara, da wani ƙulli irin na komar marigayi mijinta. Dariyarta ta dawo. Ta sayi 'yar tunkiya, ta sa aka yi wa ɗakinta sabon kwano. Kulsumu kan zo ta zauna gefenta da 'yar kabar da ta samo, tana kwaikwayon ƙullin, Inna na buge mata hannu idan ta kauce.

"Ba da ƙarfi ake yi ba, 'yar nan. Lallaɓa ta ake yi kamar kitson amarya."

Da ƙaiƙayi abin ya fara, a tsakanin yatsu. Aka ce ƙazuwa ce, aka shafa man kaɗanya. Fatar hannun ta tsattsage, daga baya wasu ƙananan ramuka suka fito a gaɓoɓin yatsun, zagaye tas kamar tsuntsu ya tsattsaga, ba sa zafi sosai amma ba sa warkewa. Sai haɓo. Sai tari. Da ƙafa ta fara kumbura Kulsumu ta matsa wa Mu'azu ya kai su asibitin Kiru. Likitan ya juya hannuwan ya duba, ya tambayi sana'arta, da aka gaya masa ya ce ta daina taɓa fatar nan da ruwan jiƙonta daga ranar, kuma a gaggauta kai ta babban asibiti a Kano domin ƙodarta ta taɓu.

Mu'azu ya buga wa Shamsiyya waya a gaban Kulsumu, muryarta na fita ana ji.

"Wane likita? Mata nawa ke yi min wannan aikin har Doguwa, wa ta mutu? Tsufa ne kawai da sanyi. Kuma don Allah kada ku yi ta yawo da wannan magana, ku ɓata min suna a banza."

Mu'azu ya ce to. Babur ɗin da yake achaɓa da shi ita ta saya masa, tun daga nan kuwa bakinsa bai iya wata kalma a gabanta ba sai to.

Mutanen unguwa su ma suka samo nasu sunan ciwon. Wata ta ce kuturta ce, kafin la'asar magana ta gama gari. A wani taron suna Inna ta sha ruwa a kofin silba, tana ajiyewa uwar gidan ta sa ƙafa ta shure shi zuwa bakin rariya, a gaban idonta. Yara suka daina zuwa karɓar ƙanzo. Matar Mu'azu ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu a Ɗansoshiya, wai ganin gida, ba ta dawo ba. Duk da haka Inna ba ta ajiye aska ba sai ranar da yatsun suka ƙi riƙe ta.

To, yau ga Shamsiyya ta zo, domin wasu masu saye daga ƙasar waje sun ce suna son ganin matar da ke wannan saƙa.

Mai hoton, wani dogon saurayi da ta kira Nazifi, ya leƙa cikin na'urarsa ya ɗago.

"Hajiya, hannun fa. Ba zai yiwu a nuna shi haka ba."

"Na san da wannan." Ta buɗe jakarta ta zaro safar hannu ta roba, ruwan ɗorawa, sabuwa fil cikin ledarta. "Dama su Turawan suna son su ga ana aiki da kariya. Maman Zahra'u, taimaka ki sa mata."

Kulsumu ta karɓa tana juya ta. Tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin irinta a gidan ba. Ta dubi hannuwan da ke kwance a cinyar Inna, sun kumbura, ramukan na tsattsafo da ruwa.

"Ba za ta shiga ba, Hajiya. Za ta fama mata."

"Mu'azu, zo ka sa wa mahaifiyarka."

Kulsumu ta san hannun Mu'azu, hannun murza babur ne. Ta ce a bari, ita za ta sa. Ta riƙa tura yatsun ɗaya-ɗaya tana sannu, Inna ta runtse ido ta cije leɓe. Aka ɗora mata wata jaka da ba ta ƙarasa ba a cinya, aka jera waɗanda aka gama a gefe, aka janye bahon jiƙo da jarkar zuwa bayan rumbu inda hoto ba zai kama ba.

"Yauwa. Gwaggo, kalli nan. Ki ce, wannan sana'a ta canza min rayuwa."

Inna ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon hannuwanta cikin robar, kamar na wata ne aka ba ta ajiya.

"Ta canza kuwa, 'yar nan," ta ce.

"Madalla! Nazifi, ka kama? Yadda ta faɗa ɗin nan ma ya fi."

Aka yi ta ɗauka, ta nan, ta can. Shamsiyya ta durƙusa gefenta ta dafa kafaɗarta, aka ɗauka, tana tashi ta goge tafinta da hankici. Da aka gama Kulsumu ta zo cire safar, ta tarar ta manne. Ta ɗebo ruwan ɗumi ta tsiyaya a ciki, ta ja a hankali, duk da haka sai da ta taho da fatar yatsa biyu. A nan ne Inna ta yi ƙara, 'yar siririya, irin ta ɗan tsako.

"Mu'azu, ɗauraye ta da omo ka mayar min a leda," in ji Shamsiyya. "Gobe da ita za mu yi na matan Doguwa."

Kulsumu ta naɗe hannuwan da tsumma mai tsabta, ta bi Shamsiyya har ƙofar gida inda ake loda jakunkuna a mota. Ta rusuna, ko da yake ta girme ta.

"Hajiya, don girman Allah, tunda a Kano za ki kwana, ki tafi da ita. Ni zan bi ku in yi jinya, na tambayi maigidana. Fitsari ma ya ɗauke mata."

Shamsiyya ta dubi kujerar baya, Nazifi na jera kwanduna a kai yana sa takarda tsakaninsu don kada su gogu.

"Kin ga dai motar da idonki. Kayan nan kuma ba a danne su, in suka lotse sun tashi daga aiki. Sannan ga yanayin jikinta, in wari ya kama su fa? Ki bari, ranar Litinin zan turo mota musamman."

"Litinin da nisa, Hajiya."

"Ke kin fi ni son ta ne? Gwaggona ce fa, jinina." Ta miƙa wa Mu'azu leda mai lemo da burodi. "A ba ta ta sha. Allah ya ƙara sauƙi."

Mu'azu ya ce amin, ya tsaya yana ɗaga wa motar hannu har ta sha kwana.

Kwanakin da suka biyo baya zafin bazara ya tsananta, kwanon ɗakin Inna ya riƙa ƙara kamar ana taka shi. Kulsumu ta koma kusan can da zama. Tana gama abincin gidanta sai ta tsallako da fanka ta kaba da ruwan randa. Ta je bakin titi ta roƙi wani direban bas mai zuwa Kano, ya yarda, har ya ce zai shigo unguwar. Sai wata fasinja 'yar unguwar ta ce ai kuturwar nan ce, in ta shiga ita za ta sauka. Sauran suka ce su ma haka. Direban ya ba Kulsumu haƙuri ya ja motarsa. Mu'azu kuwa ya ce tsohuwa ba za ta iya zaman babur ba, kuma ai Hajiya ta ce Litinin, mene ne na gaggawa.

Mijin Kulsumu, Isyaku, shi ma ba ya cikin natsuwa. Tumatirin da ya noma a bakin ruwa tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shiga, cikin 'yan kwanaki gonar ta koma kamar an babbake ta. Ya kan dawo ya zauna a zaure ya yi tagumi.

"Ke dai ki riƙa wanke hannu kafin ki taɓa min tuwo," abin da ya ce ke nan.

Wani hantsi Inna ta ɗan samu sauƙi, hankalinta ya dawo sosai, har ta nemi a jingina ta.

"Kulsumu, kin san abin da nake marmari? Romon tarwaɗa. Irin wanda ake yi a tsohon garinmu, da daddawa da ɗan yaji, ba wannan dunƙulen na kanti ba."

Kulsumu ta aika bakin dam aka samo, ta dafa, ta kawo. Inna ta shaƙi tururin ta lumshe ido. Cokali ɗaya ta kurɓa ya dawo. Ta ce a bar kwanon kusa da ita dai, ƙamshin ma ya isa.

"Akwai wata tsamiya a ƙofar gidanmu," ta ce. "In ruwa ya ja baya sosai, marigayi maigidana ya ce yakan ga kanta daga cikin kwalekwale. Ni ban taɓa komawa na gani ba." Ta ja numfashi da ƙyar. "Bahon nan na bayan rumbu, kada ki bari awakinki su sha. Ke ma kada ki taɓa. Kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

"Ita Shamsiyya ba muguwa ba ce tun asali. Ni na goya ta da aka kawo ta yaye. Idonta ne ya hango wani abu can nesa, ba ta ganin na kusa."

Kulsumu ta gyara mata matashi. Ta ci gaba da fifita.

Ranar Litinin, bayan azahar, aka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Kulsumu ta fita da gudu ko takalmi babu. A-kori-kura ce, bayanta shaƙe da buhuna, ƙudaje na bin su. Direban ya leƙo.

"Nan ne gidan Safara'u mai saƙa? Hajiya ta ce a sauke mata nata."

"Ba kai aka turo ka kai mara lafiya asibiti ba?"

"Wace mara lafiya? Ni kaya aka ba ni."

"Malam, ka dubi Allah. Tana ciki, rai a hannun Allah. In ka sauke sai mu shimfiɗa mata katifa a baya."

"Baiwar Allah, ni ba Kano na nufa ba. Burumburum zan wuce, daga can Doguwa, duk da sauran saukewa. Ki kira Hajiyar mana."

Mu'azu ya kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sa ta a aljihu, ya tuɓe rigarsa, ya fara kinkimar buhunan yana shiga da su. Ya rasa inda zai jera su sai jikin bangon ɗakin uwarsa, domin nan ne inuwa. Kowanne ya dire sai bangon ya amsa.

Kulsumu ta koma ɗaki. Inna ta buɗe ido, ta ɗan ɗago kai.

"Motar ce?"

Kulsumu ta durƙusa gefenta. "Ita ce, Inna."

"Alhamdu lillahi. Na ce miki ba za ta manta ba. Ɗauko min mayafina, mai ruwan ƙasan nan, a cikin kwalla. Kada in shiga birni haka."

Ta ɗauko, ta yafa mata, ta gyara mata ɗaurin kallabi. Inna ta sa aka zura mata takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi shiga don kumburi. Suna haka motar ta tashi. Suka ji ƙuginta yana raguwa, ta hau titi, ta yi kudu. Iska ta turo warin sababbin buhunan ta taga ya cika ɗakin.

Inna ta shaƙa. Ta san warin fiye da kowa. Ba ta tambayi komai ba, ba ta kuma dubi Kulsumu ba, ta dai mai da kanta kan matashi ta zuba wa rufin kwano ido. Kulsumu ta matso ta riƙa laƙƙana mata kalmar shahada, leɓunan tsohuwar na motsi kaɗan-kaɗan. Kafin a kira la'asar suka daina.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Kulsumu ta faɗa, ta shafe mata ido.

Mu'azu ya shigo jikinsa duk shuɗin ƙurar buhu, ya tsaya a bakin ƙofa, sai ya durƙushe ya fashe da kuka kamar yaro.

Mata suka taru a tsakar gida, kowacce ta toshe hanci da gefen mayafi, ana ta salati. Da aka zo maganar wanka sai kowa ta dubi ƙasa. Tsohuwar da ta saba yi wa matan unguwa ta aiko cewa bayanta ya riƙe. Wata ta ba da shawara a kwarara ruwa daga nesa kawai, ai lalura ce. Kulsumu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, matan da Inna ta saƙa wa faifan aure, ta yi wa wasunsu wankan jego. Ta ɗauki bokiti ta shiga ita kaɗai ta saki labule.

Ta yi mata wanka yadda aka koya mata, dama kafin hagu. Da ta zo kan hannuwan ta kwance tsumman a hankali, duk da ta san yanzu babu sauran zafi. Ta wanke kowane yatsa, ta bi ramukan da ruwa, ta haɗa su ta miƙar a gefenta. Maza suka sallace ta a ƙofar gida, aka kai ta kafin magariba.

Ranar sadakar uku Shamsiyya ta iso da buhun shinkafa da katan ɗin lemo. Tun daga zaure ta fara kuka, kuma kukan gaske ne, har da majina, har sai da aka riƙe ta. Wannan ya fi komai ɗaure wa Kulsumu kai. Da ta natsu ta zauna a tsakiyar mata, aka yi mata gaisuwa.

"Tsufa ne da hawan jini," ta ce da su. "Na yi niyyar kai ta asibitin kuɗi, Allah bai nufa ba. Amma sunanta ba zai ɓace ba. Duk kayan da za mu fitar bana sunanta za su ci."

Ta zaro wani kati mai sheƙi ta miƙa. Inna ce jingine da bango, hannu cikin safa ruwan ɗorawa, jaka a cinya. An yi wa hoton gyara, fuskar ta cike, idon da ya faɗa ya koma kamar na mai jin daɗin hutawa. Katin ya riƙa yawo hannu zuwa hannu. Matar da ta shure kofi ta fi kowa daɗewa da shi.

"Allah sarki Inna, kamar ta yi magana! Hajiya, mu ma a riƙa tunawa da mu a sana'ar nan mana."

"Za a yi, a hankali. Yanzu dai masu sayen wannan ƙullin nata suke so, irin na komar kamun kifi, kuma an ce mutum ɗaya ce ta koya a wurinta." Ta juyo da murmushi. "Maman Zahra'u."

Kulsumu tana tsaye a bakin madafa da tire a hannu.

"Ni na wanke hannuwan nan, Hajiya," ta ce. "Ni na ga abin da ke cikin safar. Ki nemi wata."

Wata ta ce, "Kai, Kulsumu, a gidan makoki?" Shamsiyya ba ta ɓata rai ba. Ta karɓi katinta ta mayar cikin jaka, ta ja zif.

"Ɓacin rai ne, na sani, kin yi wahala da ita. Allah ya ba ki lada. Ai mun riga mun yi magana da Malam Isyaku a waje."

Kulsumu ta ajiye tiren, ta tsallaka giɓin katanga ta shiga gidanta. Ta tarar da Isyaku da Mu'azu suna shigo da buhu na ƙarshe, sun jera su a rumfar da take girki. Bahon da jarkar ma an kawo, an ajiye kusa da turmi. Mu'azu ya sunkuyar da kai ya fice.

"Malam, mene ne wannan?"

"Abin da kika gani." Bai dube ta ba, yana kakkaɓe hannu. "Gona ta mutu, kin sani. Damina da saura. Me za mu ci, ƙasa?"

"Abin nan ne ya kashe Inna. Da kunnena na ji likita ya faɗa."

"Kwananta ne ya ƙare. Ke kike rayawa, ko likitan? Ta ce za ta aiko miki da safar hannu, har da abin rufe hanci."

"Na san safar."

"To, tunda kin san ta, shi ke nan." Ya ɗauki hularsa daga kan turmi. "Na riga na amsa wa mutane, ba za ki mai da ni ƙaramin mutum ba. Ta ce a jiƙa tun yau, kada su bushe."

Ya fita. Daga can gidan makoki ana jiyo ƙarar cokula da muryar mata ana rabon shinkafa, wata har da dariya.

Kulsumu ta janye akuyarta da ta fara shinshinar buhunan, ta kai ta can ƙarshen gida ta ɗaure tam. Ta dawo ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta ɗora hannuwanta a gwiwa. Buhun ƙasa ya fara tsattsafo da ruwa, danshin na bin daɓen rumfar a hankali. Wani layin tururuwa da ya fito daga gindin murhu ɗauke da ɓarɓashin tsaki ya iso bakin danshin, ya tsaya, ya yi cirko-cirko, sannan ya karkata ya zagaye ta can nesa ya ci gaba da tafiya.